Yadda Mika'ilu Direba Ya Koyi Tafiya da Ƙafa

A Ƙofar Ran idan aka ce Mika'ilu kawai, sai an tambaya wanne, domin su uku ne a layin. Idan aka ce Mika'ilu Direba kuwa, ko tsohuwar da ta daina fita ta san gidan. Shekararsa hamsin da takwas, ashirin da shida daga ciki a kan hanya ɗaya ya yi su: Bauchi zuwa Yankari, Yankari zuwa Bauchi. Da karen mota ya fara yana saurayi, a wata tifa mai ɗebo yashi. Ya ja tasi a cikin gari shekara bakwai, sannan Alhaji Abdulsalam, wani mai motocin haya a Wunti, ya damƙa masa bas mai cin mutum goma sha takwas don kai masu zuwa kallon gandun daji. An sauya bas ɗin sau uku tun lokacin, direban yana nan.

Ya kai ɗaliban makaranta, ya kai ma'aikatan banki, ya kai sababbin ma'aurata da Turawa jefi-jefi. Ya san ramin da ke bayan kowace kwana daga Dindima har ƙofar Mainamaji, ya san inda birai ke tare hanya idan sun ji ƙamshin ayaba. A unguwa kuma an san shi da hali guda: ba ya wuce wanda ya sani a ƙasa. Idan ya sauke fasinja yana komawa gida da mota wayam, duk wanda idonsa ya faɗa wa sai ya taka birki. Tsofaffi masu dawowa daga asibiti, mata da kayan niƙa, limamin masallacin layinsu, duk sun hau bas ɗin nan ba adadi, bai taɓa karɓar ko sisi ba.

Shi kansa kuwa ƙafarsa ba ta san ƙasa ba. Masallaci taku arba'in ne daga zaurensa. Idan ya isa Wikki, inda baƙi ke sauka su yi wanka a ruwan ɗumi, yakan sa motar a inuwa, ya buɗe kwanon masar da matarsa A'i ta zuba masa, ya kora da lemon kwalba biyu, ya miƙe a kujerar baya har masu yawo su dawo. Giwa da ɓauna duk ta gilashin mota ya san su.

Wata Asabar bayan ɗaukewar damina, yana dawowa da ma'aikatan jinya goma sha huɗu, ya haye gadar Dindima ke nan sai titin ya rabu biyu a idonsa. Ya lumshe ido ya buɗe, titi biyu dai. Ya gangara gefe a hankali, ya ce musu zai duba taya. Ya zagaya bayan motar ya dafa ta, ya juye gorar ruwa a ka, ya tsaya har ƙasa ta daina juyawa. Ya kawo su Bauchi lafiya, babu wanda ya lura. Washegari da kansa ya je ya gaya wa Alhaji Abdulsalam.

Alhaji ya saurare shi har ƙarshe. "Mika, ba na son rabuwa da kai," in ji shi. "Amma mutane nake ba ka, ba buhunan masara ba. Je ka asibiti. Takardar da likita ya ba ka, ita zan bi."

Likitar da ta duba shi, Dakta Juliana, ba ta kai sa'ar 'yarsa ta fari ba, amma ba ta da kewaye-kewaye. Ta dubi sakamakon awon jininsa, ta dube shi.

"Baba, ciwon suga ne, kuma ya daɗe a jikinka. A rana daga ina zuwa ina kake tafiya da ƙafa?"

"Daga ɗaki zuwa mota."

"Sai kuma?"

"Daga mota zuwa ɗaki."

Ba ta yi dariya ba. Ta rubuta masa ƙwayoyi, ta gaya masa abin da zai rage a kwanonsa, ta ce ya huta mako biyu. Bayan haka za ta ba shi takardar tuƙi ta wata uku, ba ƙari. "Kowace rana tafiyar minti arba'in, da sauri, ba tsayawa, har sai ka yi gumi. Bayan wata uku mu sake awo. Idan ya sauka, in sa maka hannu. Idan bai sauka ba, allura za mu koma, kuma ni ba zan sa hannu ka ɗauki rai goma sha takwas ka shiga daji da su ba."

A gida suka yi shawara da A'i cewa maganar ba za ta wuce su biyu da Alhaji ba. Shugabannin makarantu da sunansa suke neman mota. Ranar da aka ji direban nan jiri yana ɗaukarsa, babu uban da zai sake sa ɗansa a ciki, ko likita ta sa hannu ko ba ta sa ba.

Ranar farko ya fita bayan sallar asuba, da doguwar rigarsa da hula da takalmi fade. Bai kai bakin layi ba ya tarar da dattawa uku a kan benci. Dole ya tsaya: ina kwana, ina gajiya, yaya iyali, yaya mai jikin nan ta gidan su wane. Ya wuce su, ga mai shayi yana ɗaga masa hannu. Ya fito titi ya ɗan saki ƙafa, sai ya ji keke napep ya ci birki a gefensa. Sabitu ne, magidanci mai 'ya'ya huɗu, wanda Mika'ilu ya taɓa kai mahaifiyarsa asibiti a bas ranar da aka rasa mota.

"Baba Direba! Kai ne a ƙasa? Shigo, shigo."

"A'a, Sabitu, nan kusa za ni."

"Kusan ina?"

Mika'ilu ya kama sunan da ya fara zuwa bakinsa. Ya ce Wunti.

"Wunti ce kusa? Wallahi ba ka taka ta ina raye. Idan tsohuwa ta ji na wuce ka a titi, ba zan ci tuwon gidanmu ba yau."

Sabitu ya riga ya sa fasinjan da ke baya ya matsa. Mutane sun fara kallo. Mika'ilu ya shiga. Aka sauke shi a Wunti, inda ba shi da abin yi, ya juya zai komo da ƙafa, wani mai babur ɗan unguwarsu ya dawo da shi har ƙofar gida. Da ya duba agogo, duk tafiyar da ƙafarsa ta yi ba ta kai minti tara ba, ita ma a gutsure.

Ya gwada fita da hantsi, ya gwada bayan la'asar. Ya bi lunguna inda keke ba ya shiga, a nan kuma kowace ƙofa da wanda zai gaisa da shi, kowane zaure da mai cewa ya shigo ya sha ruwa. Shekara ashirin da shida yana ɗaukar mutane, yanzu duk garin ya tashi ramawa.

Abin bai tsaya nan ba. A makonnin hutun nan Alhaji ya mayar da bas ɗin gareji, wani direba yana riƙe da ita, kuma ko da Mika'ilu ya koma aiki can aka ci gaba da kwanar da ita. Unguwa ta duba ta ga motar da ta saba gani a bakin layi babu ita, ta ga mai ita yana yawo a ƙasa da sassafe ba ya iya faɗin inda za shi, ga shi ya ɗan rame. Aka haɗa, aka yanke cewa an sallame shi daga aiki, kunya ce ta hana shi faɗa. Ba wanda ya tambaye shi, don ba a tambayar dattijo irin wannan. Sai kwanuka suka fara shigowa gidan.

"Baban Fati, zo ka ga ikon Allah," in ji A'i wata safiya, tana buɗe su ɗaya bayan ɗaya a tsakar gida. "Masa daga gidan Liman. Fura da zuma daga gidan Ɗanlarai. Wannan kunun gyaɗa ne, an zuba masa suga har cokali yana tsayawa. Duk abin da likita ta hana ka, Ƙofar Ran ta dafa ta aiko."

"Ki mayar."

"In mayar in ce me? Mun ƙoshi? Kai ka je ka mayar, in ga idonka."

Ba a mayar ba. Jikoki suka yi ta shagali, shi kuma yana zaune da kwanon zogale yana jin ƙamshin masa. Wani lokaci hannunsa yakan kai, A'i ta janye kwanon ba tare da ta dube shi ba.

Ranar da ya koma Yankari karo na farko bayan hutun, ya sa mota a inuwar da ya saba, amma barci ya ƙi zuwa. Yana zaune a bakin ƙofar motar sai ga Irmiya. Irmiya mutumin Bogoro ne, dogo, siriri kamar sanda, jagoran masu tafiyar ƙafa a gandun tun kafin Mika'ilu ya fara zuwa. Iyalinsa suna Yalwa a Bauchi, kuma sau da yawa a bas ɗin nan yake zuwa ganin su. Shekara ashirin da ɗoriya suna tsokanar juna.

"Mai Mota, yau ba munshari? Birai sun yi cigiyarka."

Mika'ilu ya so ya rama, sai ya fasa. Irmiya ba ɗan Ƙofar Ran ba ne, ba kuma shugaban makaranta ba. Ya gaya masa komai, har da Sabitu da kwanukan masa. Irmiya ya yi dariya har da riƙe ciki, sannan ya share ido ya dubi ƙafar abokinsa.

"Gobe da safe zan kai mutum biyar bakin kogin Gaji. A can babu keke, babu mai gaishe ka. Amma ba da wannan takalmin zuwa ɗaurin aure ba. Mai irin ciwonka ƙaya ɗaya ta ishe shi wahala."

Baƙin da Mika'ilu ya kawo kwana za su yi a Wikki, don haka da asuba Irmiya ya kawo masa tsohon takalminsa na aiki, mai rufe idon sawu, da safa biyu. Ya nuna masa yadda ake kife takalmi a kakkaɓe kafin a sa, saboda kunama. Ya sa shi cin abin kari kafin su fita, ya cusa masa dabino uku a aljihu ko da jiri zai zo.

Suka fita rana ba ta gama ɗagowa ba. Mota ta kai su wani wuri ta sauke, daga nan sai ƙafa. Irmiya a gaba, baƙi biyar a tsakiya, Mika'ilu a bayansu, ɗan sintiri mai bindiga a ƙarshe. Kafin a ɗaga ƙafa Irmiya ya faɗi ƙa'idarsa: layi ɗaya, ba surutu, ba mai wuce shi, in ya ɗaga hannu kowa ya tsaya inda yake, in ya ce a durƙusa a durƙusa, kuma duk abin da ya fito kada wanda ya yi gudu. Yana da ɗan ƙunshin toka a tsumma. Lokaci-lokaci sai ya girgiza shi ya ga inda tokar ta bi, don ya san ko iska tana kai warinsu gaba ko tana dawo da shi baya.

Hanyar 'yar siririya ce, dabbobi ne suka fitar da ita da ƙafarsu wajen zuwa shan ruwa. Ta ratsa cikin marke da ƙirya, ta gangara fadama inda ciyawa ta fi mutum tsawo, ta sake hawa. Minti goma na farko Mika'ilu ba abin da yake ji sai numfashinsa da nauyin takalmin. Gumi ya jiƙa masa riga. Ƙudan tsando ya cije shi a wuya, ya kai masa mari, Irmiya ya waiwayo ya harare shi. Ya yi ta jiran wani ya ce a tsaya a huta. Ba wanda ya ce.

Can sai ya fara ganin abin da gilashi bai taɓa nuna masa ba. Yashin hanyar cike yake da sawu, kuma Irmiya yana nuna su da sanda ba tare da magana ba: na mugun dawa, na gwambaza, na zabi rututu kamar an yi rubutu. Ashe daji yana da wari, wani wuri ɗanyen ganye, wani wuri kamar turken shanu. Suka fito bakin kogin. Gaji ba wani babban ruwa ba ne a lokacin, yana tafiya a hankali tsakanin itatuwa masu duhun ganye, wani kada yana shanya baya a kan yashin tsallake. Suka bi gaɓar suka yi gaba.

A wata kwana Irmiya ya ɗaga hannu. Tulin kashin giwa ne a tsakiyar hanya. Ya durƙusa ya kara bayan hannunsa a kai, ya girgiza tokarsa, ya yi musu alama su koma bayan wata ƙatuwar tsamiya. Suka tsaya. Aka ji reshe ya karye, sannan wani. Giwaye bakwai suka ratso hanyar da suke kai ɗazu, manya da ƙanana, suka gangara ruwa ba su ko waiwayo ba. Mika'ilu ya ga giwa fiye da sau ɗari, amma kullum da sitiyari a hannunsa da giyar mota a kusa. Yau daga shi sai ƙafafunsa. Ya karanta duk addu'ar da ta zo bakinsa. Da garken ya wuce, Irmiya ya matso kusa da kunnensa.

"Mai Mota, in kira maka keke?"

Da suka dawo inda mota ke jiran su, ya duba agogo. Awa biyu da minti goma, kuma jiri bai zo ba. Ya cire takalmin, Irmiya ya sa shi duba tsakanin yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Ba ƙaya, ba kumburi. Ranar ya tuƙa mota zuwa Bauchi cinyoyinsa suna ciwo, ransa kuwa fari tas.

Daga nan duk zuwan da ya yi sai ya bi layin Irmiya. Wata rana bakin kogi, wata rana hanyar da ke hawa zuwa kogunan dutse inda mutanen zamanin da suka taɓa zama. Sai dai Yankari sau biyu yake zuwa a mako, wani makon sau ɗaya. Da ya koma asibiti bayan mako shida don a duba shi, Dakta Juliana ta ce sugan ya motsa, amma kaɗan.

"Kwana biyu a mako ba su isa ba, Baba. Sauran biyar ɗin fa?"

"Likita, garin ne ba ya bari."

"Garin ba shi zai sa hannu ba. Saura mako shida."

Ya dawo gida jiki a sanyaye. Ya gwada zagaya tsakar gida, taku goma sha biyu ne tsawonta, kafin ya yi zagaye ashirin kansa ya fara juyawa, kaji suna tserewa, A'i tana kare tukunyarta. Ya fara tunanin abin da mutum mai shekara hamsin da takwas zai koya in an karɓe masa sitiyari, bai samo ba.

A wannan makon Irmiya ya zo Bauchi hutu, ya biyo ta Ƙofar Ran da yamma don ya gai da A'i. Da ya tashi tafiya, Mika'ilu ya zura takalmi ya ce bari ya taka masa. Suka fito suna hira a kan wata ɓauna da ta addabi 'yan sintiri. Dattawan benci suka ɗaga hannu daga zaune, "A'a, baƙo aka yi? Sannu da zuwa," ba wanda ya riƙe su, don ba a tsare mutum da doguwar gaisuwa yana tare da baƙonsa. A titi keke ya rage gudu. Sabitu ya leƙo.

"Baba Direba, rakiya ce?"

"Rakiya ce."

"To, a sauka lafiya." Ya ja kekensa ya yi gaba.

Mika'ilu bai lura ba sai da suka kai shataletalen Wunti. Ya tsaya cak, ya duba agogo, ya dubi Irmiya. Minti ashirin da biyar, ba wanda ya tsayar da su. Mai rakiya ba tafiya yake ba, don haka ba a ɗaukarsa. Baƙon kuma na mai rakiya ne, ba a ƙwace masa shi.

"Ka ga abin da na gani?" in ji Mika'ilu.

"Na gani. To yanzu in ka juya kai kaɗai, kafin ka kai wancan shagon an ɗora ka a babur." Irmiya ya gyara jakarsa. "Mu je in raka ka."

Ya rako shi har bakin layi. A nan Mika'ilu ya ce ai bai kamata baƙo ya koma shi kaɗai ba. Sau uku suka auna titin nan kafin kiran magariba.

Irmiya ya koma daji, amma Mika'ilu ya riga ya samu hanya. Gidansa kuwa ba ya rasa baƙi, tunda unguwa ta ɗauka yana cikin wani hali. Duk wanda ya zo gaishe shi, da ya miƙe, sai Mika'ilu ya ce bari ya taka masa. A bakin layi baƙo ya ce, "To, Malam, ka koma haka, na gode." Mika'ilu ya ce, "Ɗan gaba kaɗan." A titi baƙo ya sake cewa ya koma, ya ce ai hira ta yi daɗi. Haka zai kai mutum har ƙofar gidansa, da saurin da ya koya a layin Irmiya. Matsalar dawowa ce kawai, wata rana ya tsira, wata rana a ɗauko shi. Cikin kwana goma masu zuwa gaisuwa suka ragu sosai.

Wanda abin ya fi shafa shi ne Ɗanlarai, mai sayar da yadi a Gwallaga, abokinsa tun makarantar allo, mutum mai jiki wanda ya zo a keke yana nufin komawa a keke. Mika'ilu ya taka masa. Suka wuce inda ake hawa keke, suka wuce na biyu. Wajen rabin hanya Ɗanlarai ya dafa bangon wani shago yana haki, ya cire hula yana fifita da ita.

"Mika, tsaya. Don girman Allah, me na yi maka? Fura na aiko maka, ba sammaci ba. Wannan rakiya ce ko kora?"

Mika'ilu ya duba hagu da dama. Ya gaji da ɓoyo, kuma mutumin nan tare aka yi musu kaciya. Ya gaya masa a taƙaice: aikinsa yana nan, suga ne, likita ce ta sa shi tafiya, kuma saura wata ɗaya a yanke masa hukunci.

Ɗanlarai ya dube shi baki buɗe. Sannan ya sa hannu a aljihun rigarsa ya zaro wani fakitin ƙwayoyi da ya sha matsa, ya ɗaga masa. Iri ɗaya ne da nasa.

"Shekara huɗu," in ji Ɗanlarai. "Ko yarana na shago ba su sani ba. Ni ma an ce in yi tafiyar. Na fita sau biyu, aka fara raɗe-raɗin shagona ya karye, na haƙura." Ya mayar da hularsa. "Kuma ni ne na aiko maka zuma. Allah ya yafe mini."

Tun daga washegari, bayan sallar asuba, Ɗanlarai yakan zo gaida Mika'ilu, Mika'ilu ya raka shi Gwallaga, Ɗanlarai ya ga bai dace a bar shi ya koma shi kaɗai ba ya rako shi Ƙofar Ran. Minti hamsin, wani lokaci awa guda. Ɗanlarai ne kuma ya sanar a majalisa, ba tare da ya faɗi dalili ba, cewa ya ga Mika da idonsa yana fita da bas daga garejin Alhaji, aikinsa lafiya lau. Kwanuka suka daina zuwa. Jikoki ne kaɗai suka yi baƙin ciki.

Ranar da wata uku suka cika, ya je asibiti bai karya ba, aka ɗebi jininsa, aka ce ya dawo jibi. Kwana biyun nan bai iya cin abincin kirki ba. Da ya shiga ofishin, Dakta Juliana tana riƙe da takardar, ta karanta, ta juya bayanta, ta sake karantawa. Ta sa shi ya hau sikeli. Ta ce ya cire takalmi, ta duba tafin ƙafarsa, ta danna nan ta danna can tana tambaya ko yana ji. Ta haska masa fitila a ido.

Ta koma kujerarta ta jawo biro.

"Bai kai inda nake so ba," in ji ta, "amma ya sauko sosai. Ba sai mun je ga allura ba. Wata shida zan ba ka, ka dawo mu sake awo. Ƙwaya kada ka fasa, tafiya kada ka fasa. Ciwon nan ba warkewa yake ba, Baba, riƙe shi ake yi."

Ta sa hannu, ta buga hatimi, ta miƙo masa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya yi godiya har sai da ta ce akwai masu jira a waje.

A barandar asibitin ya samu benci ya zauna. Ya jima yana kallon hatimin, shuɗi, ɗan karkatacce. Sannan ya kira A'i.

"Ta sa."

Ya ji ta sauke numfashi mai tsawo, ya ji tana hamdala tana maimaitawa. Can ta ce, "To sai ka kai wa Alhaji tun kafin ka zauna a kanta ta yamutse."

Alhaji Abdulsalam yana gareji ana sauya wa wata mota taya. Ya sa tabarau ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya ninke ta ya sa a aljihun gaba, ya dafa kafaɗar Mika'ilu ya ɗan matsa.

"Jibi akwai malamai goma sha shida daga Azare, kwana biyu za su yi. Ƙarfe bakwai."

"Allah ya kai mu."

Mika'ilu ya karɓi makulli, ya tuɓe babbar rigarsa ya rataye a ƙusa. Ya buɗe bas ɗin ya duba mai da ruwa, ya zagaya yana buga tayoyin da ƙafa. Ta baya ta hagu ta ɗan yi sanyi, ya ce a kawo famfo.